Shirya tafiyar hutu da kanka ko biyan ejan, wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Ummu_Nabila:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema. Ni da maigida muna so mu fita hutu ƙasar waje na kamar kwana goma tare da yaranmu biyu, ɗaya shekara bakwai ɗaya kuma bai kai shekara biyu ba. Mun tambayi wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, kuɗin da suka yanka mana ya zarce abin da muka tara nesa ba kusa ba. Wata ƙawata ta ce mu shirya da kanmu zai fi araha, toh ni dai tsoro nake ji kar mu je mu yi asarar ɗan abin da muke da shi. Waɗanda suka saba, da gaske ana rage kuɗi idan mutum ya yi da kansa? Kuma daga ina ake farawa, tikiti ko otal?

Matafiyi_Sani:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Ba tikiti ba, ba otal ba, daga fasfo da biza ake farawa. Ki ɗauko fasfo ɗin kowa har na jaririn ki duba ranar ƙarewa, don ƙasashe da yawa suna so ya zama akwai sauran wata shida a kai daga ranar da za ki shiga, kuma tun a filin jirgi ma'aikatan kamfanin za su hana ki hawa idan bai kai ba. Bayan nan sai ki zauna ki rubuta ƙasashen da fasfonku yake shiga ba biza ko kuma ake ba ku biza a filin jirgi ko ta intanet, daga cikinsu za ki zaɓi inda za ku je. Mutane da yawa suna fara zaɓar gari saboda hotunan da suka gani a Instagram sannan daga baya su gano kuɗin biza na mutum huɗu kaɗai ya cinye wani babban kaso na kasafinsu.

Binta_Zee:
Ana ragewa sosai wlh. Ai ejan ɗin nan ma a intanet ɗin da kike da shi yake dubawa, ya ɗora ladansa a kai ya miƙo miki.

Alhaji_Tikiti:
@Binta_Zee a yi mana adalci ƙanwata, wannan sana'ata ce. Gaskiya ne muna ɗora lada, ba wanda yake aiki kyauta, amma ba duk abin da muke gani ne kike gani a waya ba. Akwai farashin rukuni da kamfanonin jirgi da otal-otal ke ba mu saboda muna saye da yawa, akwai kuma ranar da za a soke jirgi da tsakar dare mutum yana ƙasar da bai jin yarenta, a lokacin ne yake neman wanda zai kira. Ni ban hana kowa shiryawa da kansa ba, wanda zai je gari ɗaya ya zauna ya dawo ba ya buƙatata ma. Amma ƙasa uku, jirgi biyar, ga yara, a nan ne ake gane amfaninmu.

Binta_Zee:
Na yarda Alhaji, ban ce duka ba. Amma ita gari ɗaya ma ya ishe su ai da ƙananan yara.

Malam_Lissafi:
Hajiya Ummu_Nabila ni abin da zan ce miki shi ne ki daina kallon farashin tikiti shi kaɗai, ki riƙa kallon kuɗin tafiyar gaba ɗaya daga ƙofar gidanki har ki dawo ƙofar gidanki. Ki samu takarda ki jera: biza, inshora, tikiti da kuɗin kaya, mota daga filin jirgi zuwa masauki da komawa, masauki, abinci na kowace rana, zirga-zirga cikin gari, kuɗin shiga wuraren kallo, data, tsaraba. A ƙasa kuma ki ware wani abu da ba za a taɓa ba sai ta ɓaci, ni nakan ware kamar kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari. Idan kika yi haka wa garuruwa biyu ko uku za ki sha mamaki, sau da yawa garin da tikitinsa ya fi tsada shi ne zai fi araha a jimla saboda kwana da abinci a can ba tsada, wani kuma tikitin kamar kyauta amma kowane dare a otal sai ya yi miki illa. Kwana goma fa kika ce, duk abin da ake biya kullum sau goma za ki biya shi, tikiti kuwa sau ɗaya ne.

Ummu_Nabila:
Nagode Malam, wannan ya shige ni. Toh a ina ake duba tikitin da ba za a cuce ni ba?

Kb_Yawo:
Google Flights ko Skyscanner. Ba su ne ke sayarwa ba, kwatanta farashi kawai suke yi. A Google Flights akwai jadawalin da ke nuna farashin kowace rana a wata, za ki ga yadda matsar da tafiya da kwana biyu kawai yake sauya kuɗi, kuma za ki iya kunna sanarwa su riƙa turo miki imel idan farashi ya sauka ko ya hau. A Skyscanner kuma za ki iya barin wurin zuwa a buɗe ya jero miki ƙasashe daga mafi araha. Idan kin ga wanda ya yi miki, ki je shafin kamfanin jirgin kansa ki saya a can ko da ya ɗan fi tsada kaɗan, don idan matsala ta taso da su kai tsaye za ki yi magana ba da wani ɗan tsakiya da ba ya ɗaga waya ba.

Dan_Gayu77:
Ku riƙa dubawa ranar Talata da dare kuma a ɓoyayyen shafin burauza, in ba haka ba suna ganin kana ta dubawa su ƙara maka kuɗi.

Kb_Yawo:
@Dan_Gayu77 wannan maganar ta daɗe tana yawo amma ni ban ga alamarta ba. Abin da ke faruwa shi ne kujerun jirgi an kasa su aji-aji na farashi, idan masu arahar suka ƙare sai na gaba su fito, shi ya sa za ka duba da safe ka dawo da yamma ka ga ya hau. Ranar da za ka tashi ita ce ke da tasiri, tsakiyar mako yakan fi ƙarshen mako sauƙi, lokacin hutun makarantu da ƙarshen shekara kuwa kowa ya san yadda yake.

Dan_Gayu77:
Toh ni dai haka nake yi kuma ina samu. Kowa ya yi wanda ya karɓe shi.

Hajiya_Rabi:
Tunda da yara ne bari in sa baki. Wanda bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, ba ya samun kujera, yawanci ɗan kaso kaɗan na kuɗin babba ake biya masa, a jiragen ƙasa da ƙasa kamar kashi goma cikin ɗari da haraji. Amma ki lura da ranar haihuwarsa, idan zai cika shekara biyu kafin ranar dawowa toh sai an saya masa kujera a dawowar. Sannan batun masauki, ku huɗu ne, otal da yawa ba za su bar ku a ƙaramin ɗaki ɗaya ba sai sun ce ku ɗauki na iyali ko ɗaki biyu. Ni na fi son in kama ɗan gida mai kicin ta manhajar kama masauki irin Airbnb ko Booking.com, in shiga kantin unguwa in yi cefane in dafa karin safe da na dare, a waje mu ci na rana kawai. Abinci sau uku a gidan abinci ga mutum huɗu shi ne ke kashe kuɗi a ɓoye, ga shi yara ba lallai su ci abin da aka kawo ba, a biya a bari. Kuma injin wanki a gidan yana rage yawan kayan da za ku ɗauka.

Maman_Twins:
Anti Rabi ta faɗi gaskiya. Ƙari kawai, a Airbnb kar ki tsaya a farashin dare ɗaya da suka nuna, ki je har shafin ƙarshe ki ga jimla da kuɗin shara da kuɗin manhajar. Idan kwana biyu ne kawai otal yakan fi, idan mako ne ko fiye gidan ya fi. Wasu garuruwan kuma akwai harajin baƙi da ake biya kowane dare a masaukin, ba ya cikin abin da kika biya tun farko.

Matafiyi_Sani:
In koma kan biza, don na ga an wuce ta da sauri alhali a nan aka fi asara. Ɗauki misalin Turai. Ƙasashen Shengen 29 ne, biza ɗaya ke shigar da kai dukansu, amma kuɗinta tun watan Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara shida zuwa ƙasa da sha biyu, banda abin da cibiyar karɓar takardu ke caja, kuma idan aka hana ka ba a dawo maka da ko sisi. Dole ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta za ka je, ba wanda aka ce maka ya fi sauƙi ba. Yanzu kwatanta da Ruwanda, wadda tun 2018 take ba kowa biza a filin jirgi, 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka da na Kwamanwels ma kyauta suke shiga har kwana 30. Ga mai ƙaramin kasafi wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Akwai kuma bizar yawon buɗe ido ta gabashin Afirka, Dala 100, wadda ke aiki a Kenya da Yuganda da Ruwanda har kwana 90.

Zahra_M:
Yaya Sani amma a duba dokar kowace ƙasa a shafin gwamnatinta lokacin da za a tafi, don suna sauyawa. Kenya ta koma izinin intanet a farkon 2024, daga baya ma ta sake gyara dokar. Tsibirin Zanzibar na Tanzaniya kuma tun Oktoban 2024 sai baƙo ya sayi inshorarsu ta dole, Dala 44, ko da yana da tasa. Wanda ya karanta rubutun shekara uku baya ba zai san da wannan ba.

Matafiyi_Sani:
Haka ne ƙanwata. Da katin rigakafin cutar shawara ma, wasu ƙasashen suna tambaya, ya danganta da inda ka fito ko ka ratsa. Sai bayan kwana goma da yin allurar katin yake fara aiki, don haka ba a barinta sai ana gobe tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, mai tsohon kati ya nemo abinsa.

Ummu_Nabila:
Toh ga abin da ya ɗaure min kai, idan ƙasa mai biza ce, ana sayen tikiti kafin a nema ko bayan an samu? Don na ji suna tambayar tikiti.

Alhaji_Tikiti:
Hajiya kar ki biya tikitin da ba a dawo da kuɗinsa kafin biza ta fito. Galibi abin da suke so shi ne shaidar an kama miki kujera, ba lallai an biya ba, ki karanta jerin takardun ofishin jakadancin da kanki. Masauki kuma ki zaɓi wanda ake sokewa kyauta har zuwa wata rana, ki rubuta ranar a wayarki. Abin da zan roƙe ki shi ne ki guji masu haɗa takardar otal ko ta banki ta bogi, ana kiran otal a tambaya, idan aka kama ba hana biza kawai ba ne, sunanki ya ɓaci a wurinsu na shekaru.

Auwal_Injiniya:
Wai ni in tambaya, dole ne sai ƙasar waje? Mutum yana kukan kuɗi kuma yana zancen jirgi. Kuma na san masu cin bashi don su je hutu su dawo suna biya shekara guda.

Ummu_Nabila:
Malam Auwal ba bashi ba ne, tarawa muka yi a hankali don wannan. Bashi kam ba za mu ci ba insha Allah.

Hajiya_Rabi:
Maganarsa ta bashi gaskiya ce ko da bai faɗe ta da daɗi ba. Amma wanda ya tara abinsa ai yana da damar ya kai 'ya'yansa su ga duniya. Mu koma kan tambayarta.

Kb_Yawo:
Wani abin da ke kama sababbi shi ne jiragen nan masu araha. Farashin da kike gani na kujera ne kawai da ƙaramar jaka da za ta shiga ƙarƙashin kujera, akwati kuɗi, zaɓen kujera kuɗi, wasu idan ba ki yi rajistar shiga jirgi ta waya ba sai kin biya a kantar filin jirgi. Araha ba ta ado. Kuma ki duba wane filin jirgi ne, akwai wanda ake rubuta masa Paris amma a Beauvais yake, kusan kilomita 85 daga birnin, sai kin ƙara kuɗin bas da fiye da awa ɗaya a hanya, da yara da kaya. Idan kika tara duka wani lokacin babban kamfani mai ba da akwati da abinci ya fi sauƙi.

Sadiya_Nurse:
Ni abin da ya same mu ke nan da wani shafin sayar da tikiti, ba zan kama suna ba. Sun nuna mana tafiya ɗaya mai tsayawa a hanya ashe tikiti biyu ne daban na kamfani biyu suka haɗa, ba su bayyana shi a fili ba. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi, kamfani na biyu ya ce ba ruwansa tunda ba mu zo ba, sai da muka sayi sabon tikiti a filin jirgi da tsadarsa. Da a tikiti ɗaya ne, kamfanin ne zai sa mu a jirgi na gaba ba ƙarin kuɗi. Kuma a irin wannan haɗin sai ka fita ka ɗauki akwatinka ka sake shiga, wanda ke nufin kana iya buƙatar bizar ƙasar da ka tsaya.

Malam_Lissafi:
Allah ya mayar da alheri. Wannan batun bizar ratse a kula da shi, wasu ƙasashen kamar Ingila suna neman ta daga masu wasu fasfo ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Kuma wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa ya ƙi hawa na zuwa, yawanci kamfani soke sauran yake yi gaba ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma mutum ya san haƙƙinsa, jirgin da ya taso daga ƙasar Tarayyar Turai idan ya isa a makare da awa uku ko fiye kuma laifin kamfanin ne, dokar Tarayyar ta 2004 ta ba fasinja diyya daga Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisa. Da yawa ba sa nema saboda ba su sani ba.

Zahra_M:
Tsayawa a hanya ba kullum ne sharri ba fa. Turkish Airlines suna da zagayen gari kyauta a Istanbul ga wanda zai jira awa shida zuwa 24, in dai kana da damar shiga ƙasar. Amma da jariri ni ba zan ba da shawarar doguwar tsayawa ba, gara a ƙara kuɗi a huta.

Binta_Zee:
Ba wanda ya yi maganar lokaci sosai. Turai a Yuli da Agusta komai tsada ga cunkoso, Mayu ko ƙarshen Satumba ya fi. Dubai kuma akasin haka, lokacin sanyi ne tsadarta, da zafi otal yana sauka amma zafin yana wuce digiri 40, da yara sai dai zaman cikin gini. Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a Disamba bazararsu ce, lokacin ne kowa ke can. Arahar da ba za ka iya fita waje ba ni ban ɗauke ta araha ba.

Maman_Twins:
Matsalar ita ce mai yaro ɗan makaranta ba shi da zaɓi sosai, hutun makaranta shi ne lokacin tsada. Sai dai a saya da wuri.

Nura_Backpack:
Ni ɗakin haɗaka nake kwana, gado kawai kake biya, akwai kicin, akwai ma ɗakunan mata zalla a yawancinsu. Bas ɗin dare kuma yana cinye maka kuɗin kwana ɗaya.

Hajiya_Rabi:
Ɗana Nura kai kaɗai kake yawonka da jaka a baya, ita iyali ne. Gado huɗu a ɗakin haɗaka ya kusa kuɗin gida sukutum, kuma da yawansu ba sa karɓar ƙananan yara a irin ɗakin.

Nura_Backpack:
Gaskiya ne Mama, na manta da yaran. Toh ga wanda zai yi wa kowa amfani. Idan za ki biya da kati ko cire kuɗi a na'ura ta tambaye ki ko a caje ki da kuɗin ƙasarki ko na ƙasar da kike, ki zaɓi na ƙasar da kike, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Kar a yi canji mai yawa a filin jirgi. A tafi da kati biyu a ajiye su wuri daban da ɗan tsabar kuɗi, kuma ki tambayi bankinki tun kafin tafiya ko katin yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Ki sauke taswirar garin a Google Maps tun kina gida, tana aiki ba data. Sannan abin kallo da yawa kyauta ne, gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ba a biyan kuɗin shiga, haka gidajen tarihin Smithsonian a Washinton, a Istanbul kuma da katin Istanbulkart za ki hau jirgin ruwan da 'yan gari ke hawa ki tsallaka daga Turai zuwa Asiya ba sai kin biya na 'yan yawon buɗe ido ba.

Sadiya_Nurse:
Inshorar lafiya dai kar a cire ta don rage kuɗi ko da ƙasar ba ta tilasta ba, musamman da jariri. Zazzaɓin dare ɗaya a asibitin ƙasar waje zai iya fin kuɗin tafiyar. A karanta abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba, a ajiye lambar kiransu a waya. Magungunan yara kuma a bar su cikin kwalinsu a jakar hannu.

Alhaji_Tikiti:
Kun ga duk abin nan da kuka jero, shi ne aikin da ake biyanmu mu yi. Wanda yake da lokacin zama ya karanta ya kwatanta zai rage kuɗi, ban musa ba. Hajiya idan kin gama lissafinki ki koma wa kamfanin nan ki ce su rarraba miki farashinsu ɗaya bayan ɗaya, tikiti nawa, otal nawa, ladansu nawa, wane otal ne da sunansa. Wani lokacin otal mai tsada da yawon da ba ki buƙata suka cusa, idan aka cire sai kuɗin ya sauko. Kuma kina iya sayen tikiti kawai a wurinsu ki kama masauki da kanki.

Ummu_Nabila:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba fasfo yanzu, na maigida saura wata biyar ya ƙare, sai an sabunta tukuna. Mun tsaya a kan gari ɗaya, ƙasar da ba wahalar biza, da gida mai kicin. Tikitin ne har yanzu ban yanke ba ko ni zan saya ko in ba ejan. Anti Rabi dan Allah wajen zaɓen gidan me kike fara dubawa, don hotunan duka kyau gare su?

Hajiya_Rabi:
Ban cika kallon hoto ba, sharhin waɗanda suka zauna nake karantawa, na baya-bayan nan, kuma ina fara da masu ƙorafi in ga ko abu ɗaya suke ta maimaitawa. Gidan da ba shi da sharhi ko ɗaya ba na kamawa. Sai in buɗe taswira in ga nisansa da tashar jirgin ƙasa ko bas da kantin cefane, don gida mai araha a bayan gari kuɗin tasi zai cinye bambancin. Ki tambayi mai gidan hawa na nawa ne kuma akwai lif, da ko suna da gadon jariri. Duk wanda ya ce ki tura masa kuɗi ta waje da manhajar zai rage miki, ki rabu da shi.

Dan_Gayu77:
Wa ya taɓa amfani da layin eSIM ɗin nan, wanda ake saukewa a waya ba sai an sa katin layi ba? Ya fi sayen layi a can araha ko kuwa?